Shekarar da Kogi Ya Ci Maƙabartarmu

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin su dawo. Amma shekarar da kogi ya ci maƙabartarmu ba ta cikinsu. Wannan kam, ina jin har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Ƙauyenmu yana yankin Maruta ne a ƙasar Gwaram, a kan tudu, kogi na bi ta ƙasanmu. A ɗaya gaɓar akwai wani ƙauye da ba ma ko kiran sunansa, sai dai mu ce tsallake, su ma haka suke ce da mu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar can ce. Kuma ba ita kaɗai ba, da wuya ka shiga gida a garinmu ba ka tarar da 'yar tsallake tana aure a ciki ba.

Ban da auratayya, abu biyu ne suka haɗa mu da su. Na farko madatsa ce ta dutse da siminti da aka yi a ƙirjin kogin tun ina yaro. Ba wata babba ba ce, aikinta kawai ta tare ruwa ya ɗan taso, sannan ya rabu biyu: hanya ɗaya ta bi ta fadamarmu, ɗaya ta bi ta tasu. Da wannan ruwan muke noman rani, albasa da tumatir da tattasai, wasu har da alkama. Na biyu kuwa maƙabarta ce. Ƙasarsu kwari ce, da damina ko kamu biyu ka haƙa sai ruwa ya ɓullo, don haka tun kaka da kakanni nan tudunmu suke kawo mamatansu. Maƙabartar tana can gefen gari ta wajen kogi, amma a wancan lokacin akwai gonaki da itatuwan ɓaure da gwaiba tsakaninta da ruwa, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa wani abu.

Mahaifina shi ne mai kula da rabon ruwa a ɓangarenmu. A tsallake kuma ƙanen Inna ne, Kawu. Su biyun abokai ne tun kafin surukuta ta shiga tsakani. Na sha ganinsu zaune a kan madatsar da hantsi, ƙafafu cikin ruwa, suna raba goro suna gardama a kan irin albasar da ta fi jure ajiya.

Sai wata damina ambaliya ta zo ta fasa madatsar ta gefenmu. Ɓarakar ba ta da girma, mutum mai tsawon ƙafa zai iya tsallake ta. Amma da rani ya zo sai ruwa ya riƙa zurarewa ta nan, hanyarmu ta bushe, tasu kuwa tana ɗan samu. Mutanenmu suka ce ai dama 'yan tsallake ne suka jibga duwatsu a bakin tasu hanyar don su ja ruwa da yawa, shi ya sa ƙarfin ambaliyar ya koma kanmu, saboda haka su ya kamata su gyara. Su kuma suka ce ɓangarenku ne ya fashe, ku gyara abinku. Har yau ban san inda gaskiyar take ba, kuma ban ga amfanin saninta ba.

Baba ya yi ta kai da kawowa a kan a haɗu a toshe wurin. Aka zauna sau biyu, duk aka tashi baram-baram. A zama na biyun ne wani daga cikinmu ya ce wa Kawu ɓarawon ruwa a gaban jama'a. Kawu ya ɗauki takalmansa ya tsallake kogi. Daga ranar ya daina shigowa gidanmu, duk da ba Baba ne ya faɗa ba. Shekara na zagayowa Baba ya kwanta ciwo, muka kai shi babban asibitin Birnin Kudu, a can Allah Ya karɓi ransa. Kawu ya zo jana'iza, har ya kama makara, ya shiga ya yi wa Inna gaisuwa a tsaitsaye, ya koma. Da rasuwar Baba maganar gyara ta mutu ita ma.

Shi kuwa kogi bai jira mu sasanta ba. Duk damina sai ya ƙara faɗaɗa ɓarakar, ya karkato gabaɗaya ya riƙa dukan gaɓarmu. Da ya karkato sai yashi ya cike bakin hanyar 'yan tsallake, su ma suka rasa ruwan. Ka ga kowa ya yi asara ke nan, amma maimakon hakan ya haɗa mu, sai kowa ya riƙa jin daɗin cewa ɗan'uwansa ma bai samu ba. Masu hali suka sayi injin ban-ruwa, marasa hali samarinsu suka riƙa tafiya Kano cin rani. Ni ma na yi shekaru ina zuwa. Ga masu tifa suna zuwa ɗibar yashi daga gindin gaɓar, ba mai hana su, tunda wurin ya zama ba na kowa ba. Ɓauren nan suka faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Gwaibobin suka bi su. Gonakin da ke tsakani suka yi ta ragewa. Muna gani da idonmu. In an je binne wani, sai ka ji ana cewa, "Kai, ruwan nan fa yana matsowa." Sai a ce Allah Ya kyauta, a karkaɗe hannu a koma gida.

Ranar da abin ya faru ko ɗigon ruwa ba a yi a garinmu ba. Can sama aka kwana biyu ana tafkawa, mu sai dai muka ga kogi ya cika ya yi jawur yana tafe da itatuwa. Bayan azahar ina gona ina cirar ciyawa a cikin gero sai na ji wata ƙara mai nauyi, kamar katanga ta faɗi, ƙasa har ta ɗan motsa a ƙarƙashina. Jim kaɗan na ji salati daga wajen maƙabarta. Na yar da fartanya na sheƙa.

Abin da na tarar ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Gefen maƙabartar na gabas babu shi. An yanke shi kamar da wuƙa, sai gangare tsaye, ruwa na tafasa a ƙasa. A jikin gangaren kana ganin itacen da ake jerawa a kan mamaci sun leƙo waje. Na san inda kabarin Baba yake, domin akwai wata 'yar aduwa a wajen kansa, duk sallah nakan je in share wurin. Na duba, na sake dubawa. Babu aduwar, babu wurin. Inda na saba durƙusawa in yi masa addu'a ya zama sarari, iska kawai ke wucewa.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na tsaya ne kawai kamar an dasa ni, har sai da liman ya kama kafaɗata ya ja ni baya, ya ce, "Matso nan, ƙasar da kake kai ma ta tsage."

Da na ɗaga kai sai na hangi mutanen tsallake sun yi cincirindo a tasu gaɓar suna kallo. Nasu iyayen ma suna cikin wurin. Ruwa ya fi ƙarfin a tsallaka, don haka suka hau babura suka yi dogon zagaye ta gada. Kafin la'asar sai ga su sun iso, kowa da shebur ko diga. Ba wanda ya yi musu sannu da zuwa, ba kuma wanda ya tambaye su abin da ya kawo su. Liman ya ce kaburburan da ke bakin tsagar dole a tashe su yanzu a mayar can ciki, lalura ce, addini bai hana ba. Aka aika gari aka kwaso duk wani farin ƙyalle da tabarma da aka samu. Muka shiga aiki.

Ina cikin haƙa wani kabari da ban ma san na wane ne ba, sai na ga hannun wani dattijo yana kwashe ƙasar da nake turowa. Na waiga, ashe Kawu ne. Ya tsufa fiye da yadda na san shi, gemunsa ya yi fari fat. Ya dube ni ya ce, "Ina na Malam?" Haka yake kiran Baba. Na nuna masa ruwa da haɓa. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sunkuya ya ci gaba da kwasar ƙasa da hannu.

Da ruwa ya ja, muka bi gaɓa muna dubawa, mu da su, har nesa da gari. Abin da muka tsinta na ƙasusuwa a cikin yashi da jikin saiwoyi muka tattara, aka naɗe, aka haƙa rami guda a sabon wuri aka binne. Ba wanda ya san na wane ne, ko namu ne ko nasu. Wataƙila Baba yana ciki, wataƙila ba ya ciki.

A daren ranar da abin ya faru ni na gaya wa Inna, kuma ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye faifan, ta ce, "Ai shi ba ya jin komai, yana inda Allah Ya ajiye shi. Mu ne dai abin tausayi." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Washegari da safe Kawu ya yi sallama a gidanmu, karo na farko tun rasuwar Baba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ya haƙuri?"

Inna ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ka ga ka zo mini gaisuwa sau biyu ke nan a kan mutum ɗaya."

Kawu ya rufe fuska da hannun riga. Ni da nake tsaye a gefe na rasa inda zan sa kaina.

Ta ce, "Ba faɗa nake maka ba. Wanda ya zage ka ya daɗe da mutuwa, shi ma ruwan ya tafi da shi jiya. To yanzu da wa kake fushi? Uwarmu da ubanmu suna can a layin da ya rage. Ko su ma jira za ku yi?"

Ya ce, "Ba za a jira ba, Yaya."

Juma'ar da ta biyo baya 'yan tsallake suka zo masallacinmu. Bayan an sallame Kawu ya miƙe ya ce shi bai zo tono tsohon zance ba, duk wanda yake ganin 'yan tsallake ne suka jawo fashewar madatsa to ya yarda, su ne, a yafe musu, a zo a yi gyara. Sai mai unguwarmu ya ce a'a, mu ma da namu laifin. Abin da aka yi shekaru ana ja a kai, cikin ɗan lokaci kaɗan ya wuce, har mutum ya riƙa mamakin wai dama iyakarsa ke nan.

Sai dai aikin ya riga ya fi ƙarfinmu. Aka tashi wakilai daga garuruwan biyu, ina ciki, muka je Gwaram muka kai kuka, daga can aka haɗa mu da wata ƙungiya mai taimakon manoman rani da ke da ofis a Birnin Kudu. Suka ce za su kawo siminti da ragar waya da injiniya, amma dutse da yashi da ƙarfin aiki namu ne, kuma ba za su sa hannu ba sai garuruwan biyu sun yarda da yadda za a riƙa raba ruwa da wanda zai kula da shi. Muka ce wannan an gama.

Injiniyan da suka turo mutum ne mai haƙuri, ba ya raina tambaya. Ranar da ya fara zuwa ni na zagaya da shi. Ya tsaya a kan ragowar madatsar ya ce in nuna masa girman ɓarakar a shekarar farko. Na ware hannuwana, na ƙara kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Iyakarta ke nan?" Na ce iyakarta ke nan. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, da a lokacin aka taɓa ta, ai ba sai an kira mu ba. Magina biyu da 'yan buhunan siminti sun isa." Bai faɗa don ya ci mana fuska ba, bai ma san abin da ya same ni ba. Amma maganar nan ta fi komai yi mini ciwo. A nan ne kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo mini, na juya baya kamar ina duba ruwa.

Da kaka ta wuce ruwa ya janye muka fara. Ban taɓa ganin aikin gayya irin wannan ba. Ana saƙa ragar wayar kamar akwati, a cika ta da duwatsu, a ɗaure, a jera wata a kan wata a gindin gaɓar da ruwa ke duka. Dutsen kuwa daga nesa ake ɗauko shi. A nan ne maƙwabtanmu masu shanu suka shigo. Dattijonsu ya zo da kansa ya ce za su ba da amalanke da bijimai, amma a bar musu mashaya guda, a shimfiɗe ta da dutse, don shanu su daina gangarawa ta ko'ina suna rusa gaɓa. Aka ce an yarda, kuma aka cika. Masu tifa ma aka zauna da su, aka nuna musu wani wuri can ƙasa inda yashi ya taru ba ya cutar da kowa. Da farko sun yi gunaguni, daga baya har suka kawo mana dutse sawu da yawa kyauta.

Mata suka ɗauki girki, yau garinmu gobe tsallake, har abin ya zama gasa. In 'yan tsallake suka kawo dambu da zogale, gobe namu sai sun yi shinkafa da wake da mai da yaji. Matan ne kuma suka yi renon dashen itatuwa a bayan gidaje, cikin ledoji, suna ba su ruwan wanke-wanke. Bayan an sassaƙe gangaren an kwantar da shi, muka dasa jema layi-layi, wato ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ke riƙe ƙasa, a bayanta kuma ɓaure da gwaiba da mangwaro.

Ba za a ce komai ya tafi daidai ba. Ruwan farko na daminar da ta biyo ya yage wani sashe na ragar ya kwashe jemar da ba ta kama ba. Da na ga wurin sai na ce shi ke nan, yanzu za a fara nuna wa juna yatsa. Amma kafin rana ta take sai ga Kawu da mutanensa sun iso da waya da filaya. Ba wanda ya tambayi ɓangaren wa ya lalace. Aka gyara a ranar.

Ranar da aka buɗe ruwa a sabuwar madatsar, rani ya fara shiga. Aka ɗaga ƙofofin ƙarfe biyu da aka sa a bakin hanyoyin ruwan lokaci guda, ruwa ya rabu, yana tura busassun ganyaye a gaba, ya nufi fadamar da ta yi shekaru ba ta gan shi ba. Mutane suna kabbara, mata na guɗa daga nesa. Na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Amma ina kallon ruwan ina tunanin mutumin da ya fi kowa son ganin wannan rana, wanda ya yi ta roƙonmu a kai tun abin bai kai ya kawo ba.

A shekarar albasa ta yi kyau ƙwarai. Samari da yawa ba su tafi cin rani ba. Na kawo wa Inna kwandon farko da na cire, ta ɗauki ɗaya ta shinshina ta sa albarka. Lokacin jikinta ya fara rauni, Kawu kuma kusan kullum yana gidanmu, suna zaune suna hirar mutanen da suka shuɗe. Wata rana da yamma ina gyara mata shimfiɗa sai ta ce, "Ka san da ina da wani buri. Na so in ta Allah ta yi a ajiye ni kusa da babanku. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ina jin kunya." Sannan ta ce, "Yanzu kam duk inda kuka sa ni daidai ne."

Duk duwatsun da muka ɗauka, duk itatuwan da muka dasa, ba abin da zai iya ba ta wannan ɗan ƙaramin abu da ta nema. Ta rasu kafin damina. Muka binne ta a sabon wurin, kusa da ramin nan na gayya, don shi ne iyakar abin da muke iya yi. Kawu ne ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Yau gaɓar ta yi kore, itatuwan sun fi ni tsawo, baƙo in ya zo sai ya yi ta yaba haɗin kanmu. Nakan amsa da godiya, amma a raina na san abin da muka biya kafin mu kai nan. Mun iya haɗa kai tun farko, ba ƙarfi muka rasa ba, ba kuma dabara ba. Kowa dai jira yake ɗan'uwansa ya fara sunkuyar da kai.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, idan abu na kowa da kowa ya lalace, a fara gyara shi tukuna, a bar neman mai laifi sai daga baya, in ma akwai sauran buƙatar hakan. Fadama ta dawo, zumunci ya dawo, kuma na gode wa Allah. Amma akwai abin da in an makara ba ya dawowa, ko da daga baya an yi aikin da ya fi na da kyau. Ni dai yanzu in na je ziyara, tsayawa nake a tsakiyar maƙabarta in ɗaga hannu in yi wa kowa addu'a gabaɗaya, don ban san ta inda zan fuskanta in ce ga mahaifina ba.